Shekarar da Aka Huda Rufin Motar Gidanmu

Na daɗe da sanin abin da ake gaya muku game da ni da ƙanena Sabo. An ce muku baƙin ciki na yi masa, na bi ta bayan idonsa na toshe masa hanyar arziki, har abin ya raba mu. Ban taɓa tanka wa masu faɗin haka ba, domin yawancinsu surukai ne da maƙwabta, kuma ban ga dacewar kafa shari'a a gidan biki ko a zaman makoki ba. Amma yanzu ƙarfina ya ja baya, waɗanda suka ga abin da idanunsu kuma sun kusa ƙarewa. Na shafe rayuwar aikina a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikatar gwamnati, a can na koyi cewa duk al'amarin da ba a rubuta ba, wanda ya fi kowa ɗaga murya shi yake mallake shi. Saboda haka zan jera muku yadda aka yi, ba ƙari ba ragi, sannan kowannenku ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Kakanku, mahaifinmu, fataucin fatu ya yi. Da Allah ya karɓi ransa, abin da ya bari ban da gidanmu na Koki shi ne mota ɗaya, farar a-kori-kura, mai kujera ɗaya a gaba da fili a baya. Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yansa, ni babba, Sabo auta. Ba mu raba motar ba. Ni ban iya tuƙi ba, ban kuma taɓa sha'awar koyo ba. Sabo kuwa tun yana saurayi hannunsa ya faɗa da sitiyari. Shi yake ɗaukar kayan 'yan kasuwa zuwa kasuwannin ƙauye, ya dawo da hatsi da albasa, abin da aka samu a haɗa da albashina a ci da gida. Lungunmu ba ya cin mota, don haka a bakin lungu take kwana, jikin katangar masallaci. Inna, kakarku, sharaɗi ɗaya ta kafa a kanta: duk wanda ciwo ya kama a unguwar, ko mace ta tashi haihuwa, a sauke kayan kowane ne a kai shi asibiti, kuma kada a karɓi ko kuɗin mai. A kan haka muka zauna shekaru, ban taɓa jin wani ya ce motar Sabo ko motar Malam, wato ni, ba. Motar gidan Alhaji ake cewa.

Dole in gaya muku wani abu game da Inna, don ku fahimci abin da zai zo a gaba. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ko ina tsugune a gabanta, sai ta dubi mahaifiyarku, ko ta dubi bango, ta ce, "A gaya wa wancan gero ya ƙare." Haka na tashi na gani, haka na yi furfura ina gani. Sabo kuwa abokin hirarta ne. Shi yake shiga ɗakinta ya kishingiɗa a gadonta, ya cinye mata goro, ta bi shi da mafici tana zagi tana dariya.

Sai shekarar da soja suka amince za su koma bariki ta zo. Kada ku ɗauka ina cikin masu ƙyamar abin. Na yi murna fiye da yawancin mutane. Na ga yadda ake shigowa ɗakin fayil da umarnin baki a zare takarda, ba wanda ya isa ya tambaya, na kuma yi zaton idan farar hula suka dawo doka za ta dawo tare da su. Ranar zaɓe sai da na sa aka goge mini riga kamar mai zuwa idi, na bi layi cikin rana ina jin kamar ana maido mini da wani abu da aka ƙwace.

A cikin masu neman kujerar majalisa akwai wani Ɗanjuma, dillalin filaye, wanda suka yi firamare tare da Sabo. Mutum ne mai jiki, mai sakin fuska, wanda ba ya mance sunan kowa matuƙar yana da buƙata a wurinsa. Ya roƙi aron motar don yawon neman ƙuri'a, Sabo ya gaya mini, na ce babu laifi idan za a zuba mai a dawo da ita yadda take. Iyakar abin da na amince da shi ke nan. Wata rana na dawo daga ofis a kan kekena, na tarar da taro a bakin lungu. Na kutsa, sai na ga an yanke rufin motar, daidai saman kujera, an dasa wani murfin gilashi mai duhu wanda aka ciro daga wata matacciyar 'yar Kwatano.

"Sabo, mene ne wannan?"

"Taga ce, Yaya, ta zamani. Tsaya ka ga ikon Allah."

Ya danna wani maɓalli, murfin ya yi ƙugi ya ja da baya ya shige cikin rufin, sararin sama ya bayyana. Matasa suka ɗauki sowa. Na ce ba ga bayan mota nan fili ba, me ya hana ɗan takarar tsayawa a can? Ɗanjuma da kansa ya amsa, yana riƙe da hannuna da hannu biyu.

"Haba Yaya Malam! Baya ai wurin buhu ne da akuya. Ka taɓa ganin babban mutum a bayan a-kori-kura? Manya ta sama suke ɓullowa."

Na ja Sabo gefe na tuna masa cewa motar nan gado ce da ba a raba ba, ina da haƙƙi a cikinta, Inna ma tana da tumuninta, kuma aro ba ya halatta wa mai aro ya sauya abin da ya ara. Na tambaye shi wa ya shawarta.

"Yaya, da na tambaye ka ai cewa za ka yi in rubuto a takarda, ka sa a fayil, in dawo bayan zaɓe."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. Ni ma, Allah ya sani, sai da na murmusa. Wannan ce dariya ta ƙarshe da na tuna mun yi tare.

Tagar ba ta kai ƙarshen yaƙin neman zaɓe da lafiya ba. A babban taron ƙarshe Ɗanjuma ya tsaya a kan kujera ya ɓullo ta sama cikin babbar riga mai sitati, jikinsa ya cike ramin tam. Magoya baya suka ɗare rufin suna rungumarsa, ƙarfen da murfin yake gudu a kai ya lanƙwashe, murfin ya maƙale a ciki. Wani ya yi ta danna maɓallin har ɗan injin da ke jansa ya ƙone. Daga ranar tagar ba ta ƙara rufuwa ba. Ɗanjuma ya ci zaɓe, sunansa ya ɓace, ya koma Honarabul. Kafin a rantsar da su ya bar cikin birni, ya tare a wani sabon gida can bayan Ƙofar Kabuga.

Da farko na ɗauki abin a matsayin gyara kawai, irin wanda haƙuri da bin ƙa'ida suke warwarewa. Damina tana matsowa, don haka duk Asabar nakan shiga gaban motar mu tafi Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci. Mai gyaran wuta ya sauya fis, injin ya yi shiru. Muka tono wani injin a cikin tarkace, aka ɗaura, ya yi ƙugi amma murfin bai motsa ba, domin haƙoran wayar da ke jansa sun cinye. Aka gwada murɗa shi da hannu da sifana, ya taho kamar faɗin yatsa biyu ya cije. Aka zuba baƙin mai, aka buga da guduma, aka ɗana katako aka danna ƙarfen ya miƙe a gefe ɗaya ya ƙara karkacewa a ɗaya. A ƙarshe muka dangana da Malam Ado mai walda, wanda shi ne ya yanka rufin tun farko. Ya hau taya ya leƙa, ya sauko yana goge hannu.

"Malam, in gaya muku gaskiya? Murfin nan ba na motar nan ba ne, dole muka yi masa ya zauna. Ko hanyar fitar ruwa ba mu yi masa ba, ai na sati biyu aka ce mini. Yau ko ya rufu, yoyo zai yi. Maganinta ɗaya: a ciro shi a yar, in kawo faranti in liƙe, in shafa fenti. Kafin la'asar kun tafi."

Na ce to, bismilla. Sabo ya ce a'a. Na zaci tsadar aikin yake gudu, na ce ni zan biya. Ya ce ba wannan ba ne. A hanyar dawowa, rana tana dukan tsakiyar kanmu ta ramin, ya faɗa mini abin da ke ransa, kuma ban mance ko kalma ɗaya ba.

"Yaya, kai kana da takardar makaranta, ko'ina ka je za ka nuna. Ni wannan ramin shi ne takardata. Je ka ƙofar gidan mutumin nan ka ga jama'a, kowa yana cewa shi ya sha wahala. Wani ya ce an fasa masa kai, to ya warke. Wani ya ce muryarsa ta dishe, to ta dawo. Ni nawa yana nan a buɗe, ko makaho ya shafa zai ji. In na liƙe, da me zan tuna masa?"

A nan na gane ba gyaran mota ne a gabana ba. Sabo ya daina zuwa kasuwannin ƙauye sai jefi-jefi. Da sassafe zai cire ledar da yake rufe ramin da ita, ya ninke, ya tuƙa motar zuwa bayan Ƙofar Kabuga, ya ajiye ta daidai inda duk mai fitowa daga gidan zai ga samanta, ya zauna a inuwa tare da sauran masu jira. An yi masa alkawarin zama direban Honarabul idan motocin gwamnati suka iso. 'Yan kasuwar da suka saba da mu tun zamanin mahaifinmu suka gaji da jira suka kama wasu motocin. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, kujerar ta jiƙe ta fara wari, tsatsa ta kama ƙasan. Wata maƙwabciyarmu ta tashi haihuwa da hantsi, aka zo bakin lungu ba mota, sai a baro aka tura ta zuwa titi. Da labarin ya kai wa Inna, ranar ba ta ci abinci ba.

Sau ɗaya na bi shi can, don in yi wa mutumin magana da kaina. Na ɗauki izini a ofis, na zauna a kan dakali tun safe har aka yi azahar, a tsakiyar dattawan da na san wasu da sana'arsu da mutuncinsu, kowa ya kasa kunne ga ƙarar ƙofar ƙarfe. Da aka buɗe sai duk suka miƙe suka ruga. Mota mai baƙin gilashi ta fito, ta tsaya a gefen tamu, gilashin ya sauka kaɗan.

"Sabo nawa! A'a, har da Yaya Malam? Kun ga motar nan? Tarihi ce. Kada wanda ya taɓa ta, akwai rangadin godiya, a cikinta zan fito."

Kafin in buɗe baki gilashin ya hau. Na juya na dubi ƙanena, sai na ga fuskarsa tana haske kamar wanda aka yi wa albishir da Aljanna. Wannan fuskar ta fi komai karya mini zuciya. A ƙarƙashin soja na ga mutane suna jin tsoro, amma tsoro yana barin mutum da sanin cewa ana zaluntarsa. Abin da na gani a ƙofar nan dabam ne: magidanci mai sana'a ya ajiye sana'arsa, yana gadin ɓarnar da aka yi masa, yana kuma godiya.

Ana tsakiyar marka ciwon ƙirji ya kama Inna. Ranar da numfashinta ya tsananta, Allah ya sa Sabo yana gida. Bayan la'asar muka tallabo ta zuwa bakin lungu, hadari ya riga ya haɗu ta gabas. Aka zaunar da ita a tsakiya, daidai ƙarƙashin ramin, domin nan ne kaɗai za a iya riƙe ta ta gefe biyu. Mahaifiyarku ta zauna ta bakin ƙofa, ni na hau baya. Ba mu yi nisa ba iska ta fizge ledar ta yi sama da ita, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na ɗauki tabarmar da muka taho da ita, na miƙe tsaye, na kifa cikina a kan rufin ina danne ta da hannu biyu. Tabarmar kaba ba ta tare ruwa, tace shi kawai take yi. Ta tsakanin saƙar ina hangen mahaifiyarku ta kifa kwanon sha a kan Inna, ruwa yana zuba ta gefen kwanon yana bin wuyanta, Inna tana tari tana kama rigar Sabo. Titi ya cika, motar tana tafiya kamar ana janta. Muna wucewa ta gaban wata rumfa, matasan da suka fake a ciki suka gane motar, suka ga mutum a samanta, sai suka ɗaga hannu.

"Sai Honarabul! Sai ka yi!"

Ina kwance a kan rufin motar ubana, rigar aikina ta manne a jikina, uwata tana jiƙewa a ƙarƙashina, ana yi mini kirarin ɗan siyasa. Idan akwai lokacin da na yanke shawara, to wannan ne.

Aka kwantar da Inna a asibiti. Likita ya ce sanyi ya shiga huhunta, ya tambaya da faɗa wa ya fito da tsohuwa cikin ruwa haka. Tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba, sai ga Sabo ya zo mini da maganar cewa za a raka Honarabul ta'aziyya wani gari, a motar haya za su tafi, kwana biyu ne kawai, kuma idan ba a gan shi a cikin tawagar ba za a ce ya ja baya. A barandar asibitin muka tsaya. Ga abin da na ce masa, kuma mahaifiyarku tana nan ta ji:

"Sabo, ka tafi idan ka ga tafiyar ta fi. Amma ka sani, kafin ka dawo zan sa a liƙe rufin nan. Ina gaya maka ne a gaban idonka don kada ka ce an yi a ɓoye."

"Ba za ka yi ba, Yaya."

"Zan yi."

"To in ka yi, ka kashe ni."

Ya sa takalminsa ya tafi. Washegari da hantsi na ɗauko Malam Ado, ya turo tukunyar waldarsa a kura har bakin lungu. Na kira limamin masallacinmu da wani dattijo aminin mahaifinmu, na bayyana musu dalilina, suka tsaya a matsayin shaidu. Wannan shi ne abin da ake kira bin bayan ido: rana tsaka, a kan hanya, gaban liman da duk mai wucewa. Malam Ado ya kunna wuta, ya sake kashewa, ya dube ni.

"Malam, Sabo dai ya sani ko?"

Na ce ya sani. Ya ɓamɓare murfin gilashin ya jingine shi da bango, ya yanko farantin ƙarfe daidai ramin, ya bi gefensa da wuta a hankali, ya goge, ya cike, ya shafa farin fenti. Da ya gama na ɗebo ruwa a bokiti na kwara a kai, na shiga ciki na duba. Ko ɗigo.

Sabo ya dawo, ya taka taya ya hau, ya shafa wurin da tafin hannunsa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya sauko ya shige gida. A cikin makon nan, kamar an shirya, wani na hannun daman Honarabul ya zo bakin lungu a kan babur, ya ce an sa ranar rangadin godiya, a wanke mota. Ya ɗaga kai ya ga rufin. Sabo ya riƙe masa hannu yana rantsuwa cewa ba shi ya yi ba, a ba shi zuwa yamma a sake yankawa.

"Sabo, bar wahalar da kanka. Labari ya riga ka isa. An ce gidanku sun toshe tagar Honarabul a gaban liman. Wanda ya yi haka ai ya nuna ya fita daga tafiya."

Akwai wani Isyaku a wurin, direban bas, abokin zaman Sabo a ƙofar gidan can. Nan take ya ce ga tasa, a yanka. Malam Ado ɗin dai shi ya yanka, domin sana'arsa ce. A cikin bas ɗin Isyaku aka yi rangadi, Isyaku ne ya zama direban Honarabul, aka ba shi kujerar Makka, daga baya ya gina gida a bayan gari. Ban ɓoye muku wannan ba, domin shi ne ƙashin bayan ƙarar da ake yi a kaina, kuma gaskiya ne. Mai yiwuwa da na bar ramin, da Sabo ne. Abin da nake tambaya shi ne, wace irin ƙasa ce mutum zai rasa rabonsa don an gyara rufin motarsa, wani kuma ya samu don ya huda tasa? Na yi wannan tambayar ga malamai da 'yan boko, kowa sai ya yi dariya ya ce Malam ke nan, ai haka abin yake.

Ranar da aka sallamo Inna, Sabo ya shiga ɗakinta ya ajiye makullin motar a bakin tabarmarta. Bai kishingiɗa ba, bai taɓa goronta ba. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya kama haya a wajen gari, ya shiga tuƙa manyan motocin wasu zuwa kudu. Na aika masa liman, na aika masa aminin mahaifinmu, na je da ƙafata ban same shi ba, ko kuma aka ce mini ba ya nan. Na aika a gaya masa ya zo a raba gado ya ɗauki motar gaba ɗaya, ya ce ko ƙusa ba ya so. Na nemo direba don motar ta koma aiki, sai Inna ta dubi bango.

"A gaya wa wancan a bar wa yaron motarsa har ya huce."

Aka bar ta. Sabo yakan zo gaida Inna lokacin da ya san ina ofis, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tafi. Ita kuwa duk ƙarar injin da ta ji daga bakin lungu sai ta tsayar da abin da take yi ta kasa kunne. Ƙirjin bai sake ta ba, ta ƙara damina ɗaya a duniya. Ana saura kwanaki ta rasu, ina zaune a gefen gadonta da safe, mahaifiyarku ta fita ɗebo ruwa, ba kowa a ɗakin sai mu biyu. Ta juyo ta dube ni a ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Kai," ta ce. "Ruwan nan da ya dake ni, ai da ka bari. Ruwa bushewa yake yi."

Iyakar maganar da uwata ta taɓa yi mini kai tsaye ke nan. Na juya ta a raina shekara da shekaru. Na sake bin abin daki-daki kamar yadda nake bin fayil, daga aro zuwa yanka, daga yanka zuwa ruwa, ina neman inda na kauce wa gaskiya, ban samu ba. Motar ta gado ce, an ɓata ta ba da izini ba, na yi gargaɗi, na kafa shaidu, na gyara. Da za a maido ni barandar asibitin nan, abin da zan faɗa ke nan. Wannan ne kuma ya hana ni samun sauƙi, domin wanda ya yi kuskure yana da tuba, yana da wurin da zai je ya ce a yafe masa. Ni ban san abin da zan nemi a yafe mini ba, kuma duk da haka babu abin da ya rage a hannuna.

A zaman makokin Inna, Sabo ya zo ya zauna a cikin baƙi, can ƙarshen tabarma. Da zai tafi ya biyo layin masu gaisuwa, ya miƙo mini hannu.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

Tun yana koyon magana Yaya yake ce mini. Na riƙe hannunsa ban saki ba, ya zare a hankali, ya ba na bayansa wuri. Bayan wannan mun haɗu a jana'izu da ɗaurin aure, kullum Malam. Da ajalinsa ya zo, a wani gari ya same shi a bakin aiki, sai gawarsa aka kawo mana. Honarabul kuwa ya yi zamaninsa ya sauka, wasu suka hau. Duk kakar zaɓe ina ganin motoci da rufi a yanke suna wucewa ta titi, da samari a guje a bayansu, sai in koma cikin gida.

Motar ta zauna a jikin katangar masallaci har tayoyinta suka nutse a ƙasa. Kun tashi kun gan ta, wasunku sun yi wasan ɓuya a bayanta ba tare da sanin komai ba. Shekarun baya da za a faɗaɗa masallacin aka roƙe ni in kawar da ita, na kira masu sayen tsohon ƙarfe. An kwana ana ruwa, da safe suka zo da sarƙa. Na ce su dakata. Na sa makullin da Sabo ya ajiye a tabarmar Inna, ƙofar ta buɗe da kyar. Tsatsa ta cinye ƙasan har ana ganin ƙasa, gilashin gaba ya tsage, ƙofofin sun ruɓe. Na shiga na zauna a tsakiya, inda Inna ta zauna, na shafa kujerar. A bushe take ƙayau. Babban masu sayen ƙarfen ya leƙo, ya bi idona zuwa sama, ya ƙwanƙwasa farantin da ɗan yatsa.

"Kai, Baba, wannan walda ta yi kyau. Duk motar ta mutu, nan ne kawai da rai. Wa ya yi wannan aiki?"

Na ce ni na sa aka yi. Sannan na fito, na miƙa masa makullin, suka ɗaura sarƙa.